Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

'Yan makaranta, na Mishan da na Gwamnati, maza da mata, muna so yau mu ɗan zanta da ku a kan wata magana da ta daɗe tana ci mana rai, wadda muka sake ji kwanan baya a bakin wani jikanmu da ya zo hutu. Yaron nan ya zauna gabanmu yana ta huci, wai addini ya lalace a makarantarsu, yara ba su zuwa sujada, ba mai karanta Littafi Mai Tsarki, kuma duk laifin Gwamnati ne, tun da ba ta kafa doka ta tilasta ba. Muka bar shi ya gama. Sa'an nan muka tambaye shi, shi da kansa yaushe rabonsa da buɗe Littafin. Sai ya sunkuyar da kai, yana tonon ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. Ba mu yi masa faɗa ba, gama mun san irin wannan sunkuyo. Mu ma mun taɓa yinsa, yau shekara hamsin ke nan da 'yan kai.

Mu Kirista ne, da bakin Kirista kuwa za mu yi magana. Amma 'yan'uwanmu Musulmi masu karanta wannan shafi kada su yi saurin juya takarda, domin a cikin labarin nan akwai wani ɗansu da ya koya mana darasi, shi bai ko sani ba.

Mun yi karatu a wata makarantar kwana ta Mishan a nan Arewa. A can kome da ƙararrawa a ke yinsa. Ƙararrawar kuwa wani guntun ƙarfen dogo ne da aka rataye a reshen maɗaci. Ƙarfe biyar da rabi na asuba a buga ta tashi, ƙarfe shida a buga ta sujada. Manita ya tsaya bakin ƙofar majami'a da littafin sunaye a hannu. Wanda ya makara, a ba shi lauje ya yini yankan ciyawa, wanda bai zo ba kuwa sai bulala a gaban jama'a. Saboda haka kullum majami'a cike ta ke maƙil. Baƙi in sun zo suka ji muryoyinmu muna waƙa, sai su kaɗa kai su ce, kai, ga 'ya'ya masu tsoron Allah. Mu kuma muka gaskata su.

A cikin shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi makarantun Mishan da yawa suka mai da su nasu, tamu tana ciki. Aka kawo sabon babban malami, aka kuma kawo yara daga ko'ina, Musulmi da Kirista. Ran da ya fara aiki ya tara mu a fili, ya ce daga yau makaranta ta kowa da kowa ce. Mai son sujada, ga majami'a nan a buɗe. Mai son salla, ga wuri can an keɓe masa. Amma ba sauran kiran suna, ba sauran bulala.

Makon farko muka je, don ƙafa ta saba. Mako na biyu sanyin hunturu ya sauka, bargo ya yi daɗi. Kafin wata ya cika, masu zuwa sujadar asuba ba su fi a ƙirga su da yatsun hannu ba, kuma gaskiya ɗaya ce, ba ma cikinsu. To, ga abin mamaki: mu da muka fi kowa barci, mu ne muka fi kowa ɗaga murya. Muka yi taro a ɓoye cikin aji, muka rubuta doguwar takardar kuka, muka ce Gwamnati ta kashe addininmu, a mai do mana da ƙararrawa, a mai do da littafin sunaye. Mai rubutun nan shi ya tsara kalmomin, yana kuwa jin kansa kamar wani annabi.

Akwai wani tsoho mai gadin makaranta, wanda ya daɗe a wurin tun ba a haife mu ba. Kuturta ta cinye masa yatsu tun yana saurayi, a asibitin kutare na Mishan ya warke, a can kuma ya ba da gaskiya. Muka ce bari mu kai masa takarda ya dangwala, don sunan dattijo ya ƙara mata nauyi. Muka same shi yana jin ɗumi a bakin ƙofa, muka durƙusa muka gai da shi, muka karanta masa duka. Ya saurara har ƙarshe. Sa'an nan ya ce, "'Ya'yana, soja nawa aka tsayar a ƙofar majami'a?" Muka ce, "Babu ko ɗaya, Baba." Ya ce, "To, kwaɗo aka sa mata?" Muka ce, "A'a." Ya ce, "Ni dai kullum da asuba ina shiga, ban ga wanda ya tare ni ba, ku ne dai ban gani ba. Ashe da can ba Allah ke tashe ku ba, ƙarfe ne. Ku tafi da takardarku, ni ba ni da yatsan dangwala wa ƙarya."

Muka tashi jiki a sanyaye. A daren nan barci ya ƙi zuwa. Can wajen asuba muka ji motsi a gadon da ke kusa da namu. Wani yaro ne Musulmi, ɗan aji ɗaya, ƙanƙane ƙwarai, cikin waɗanda aka kawo sabbi. Ya lalubi butarsa cikin duhu, ya fita cikin sanyin nan mai tsaga leɓe, ya yi alwala da ruwa kamar ƙanƙara, ya yi sallarsa shi kaɗai. Ba ladan, ba manita, ba wanda zai san ya yi ko bai yi ba. Ashe kullum haka ya ke yi, mu muna minshari. Ran nan muka yaga takardarmu.

Da muka girma muka karanta tarihi, sai muka tarar abin da tsohon nan ya faɗa cikin kalmomi kaɗan, shi ne abin da Ikilisiya ta yi shekara wajen dubu biyu tana koyo, tana mantawa, tana sake koyo. Bari mu ɗan ba ku kaɗan daga ciki.

Ku tuna, addinin nan bai fara a fada ba. Gwamnan Rumawa ne, Bilatus, ya yanke wa Yesu Almasihu hukuncin gicciye. Bayan haka masu binsa suka yi kusan shekara ɗari uku ba su da sarki, ba su da soja, ba su da doka ko ɗaya mai goyon bayansu. A shekara ta 180 aka sare kawunan mutum goma sha biyu a birnin Kartaj, cikin ƙasar da yanzu a ke kira Tunisiya, don sun ƙi rantsuwa da sunan Kaisar. A 303 Sarki Diyokiletiyan ya ba da umurni a rushe majami'u, a ƙone littattafai. Duk da haka jama'ar ba ta ƙare ba, sai ƙaruwa. Domin a zamanin nan ba mai shiga don riba, duk wanda ya shiga ya riga ya auna abin da zai iya rasawa.

A 313 Sarki Kustantin da abokin mulkinsa suka shirya a birnin Milan cewa kowa ya bi addinin da ya ga dama, aka mai do wa Kirista da dukiyarsu da aka ƙwace. Wannan jinƙai ne babba, ba mai musun haka. Amma abin bai tsaya nan ba. A 380 Sarki Tiyodosiyus ya mai da Kiristanci addinin hukuma. Daga nan zama Kirista ya zama hanyar samun muƙami, majami'u suka cika da mutanen da gwiwarsu ta durƙusa, zuciyarsu kuwa tana tsaye. Ba a jima ba, wajen 385, aka kashe wani bishof mai suna Firisiliyan a birnin Tiriya bisa umurnin wani sarki Kirista, bayan da waɗansu bishof-bishof suka kai ƙararsa saboda koyarwarsa. Manyan bayin Allah na zamanin, su Martin na Tur da Amburus na Milan, suka yi tir da wannan. Ku duba fa, jama'ar da jiya a ke yanka ta, yau ga waɗansu 'ya'yanta sun je aron wuƙa wurin sarki.

Amma misalin da ya fi tsaya mana a rai yana nan a nahiyarmu, a bakin Kogin Nilu, kan hanyar da kakanninmu Hausawa suka riƙa bi da ƙafa zuwa gabas. A arewacin ƙasar Sudan ta yau an yi masarautun Kirista guda uku na mutanen Nuba: ɗaya babban birninta Faras, ɗaya Dungula, ɗaya kuma Soba, kusa da inda Hartum ta ke yanzu. A tsakiyar ƙarni na shida manzanni suka zo daga daular Rum ta gabas, suka nufi fada kai tsaye. Sarakuna suka karɓa, talakawa suka bi sarakuna. Aka gina majami'u masu kyau, aka yi rubutu da harshen ƙasa. A 652 sarkin Dungula ya tsaya wa rundunar Larabawa, har aka ƙulla amana wadda ta yi ɗaruruwan shekaru tana aiki. Fiye da shekara ɗari bakwai Kiristanci yana zaune lafiya a inuwar gadon sarauta.

To, amma ginin a kan ginshiƙi biyu ya ke. Sarki ke gina majami'a, shi ke ciyar da ita, shi ke tsaronta. Bishof kuwa sai babban limamin Iskandariya ya naɗa, daga can Masar mai nisa. Da yaƙe-yaƙe da rigimar gado suka raunana fada, makiyaya Larabawa suka yi ta shigowa suna auratayya da 'yan ƙasa, sai sarauta ta koma hannun Musulmi. A 1317 aka mai da babban zauren sarki na Dungula masallaci. Soba ta faɗi wajen shekara ta 1500. Wani limamin Kirista ɗan Fotugal mai suna Albaris, wanda ya zauna a Habasha a shekarun 1520, ya ba da labarin waɗansu mutanen Nuba da suka zo wurin sarkin Habasha suna roƙo a ba su malaman da za su koya musu addininsu, aka sallame su hannu wofi. Ku ji abin tausayi: jama'a ta yi shekara ɗari tara da addini, ga ta tana yawon neman wanda zai tuna mata da shi. Daga baya sai rairayi ya binne kome. Tsakanin 1961 da 1964 masu tonon tarihi daga ƙasar Folan suka tono babbar majami'ar Faras kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye wurin, suka ciro zane-zanen bangonta, aka raba su tsakanin Hartum da Warso. Ba mu ce dalili ɗaya ne ya jawo wannan ba, ba mu kuma ce ba a yi masu bi na gaskiya a Nuba ba. Abin da muka ce shi ne, da inuwa ta kau, ba a sami isasshen saiwa a ƙasa ba.

Yanzu ku dubi maƙwabtansu na arewa, watau Kibɗawan Masar. Su tun da wuri suka san wuya, har lissafin shekarunsu daga 284 ya ke farawa, shekarar da Diyokiletiyan ya hau gado, don tunawa da waɗanda aka kashe. Ko a hannun sarakunan Rum Kirista ba su huta ba, saboda saɓanin koyarwa, har babban limaminsu Biliyaminu ya yi kimanin shekara goma yana ɓuya. Wajen 641 Masar ta shiga hannun Musulmi, tun daga ran nan kuwa Kibɗawa ba su ƙara samun sarki mai addininsu ba. Sun biya jiziya, sun ragu, sun ga zamani mai sauƙi da mai tsanani. Amma ga su nan har yau, miliyoyi, da majami'unsu da gidajen sufayensu a hamada. Uwa ta koya wa ɗa, ɗa ya koya wa jika. Waɗanda suka daɗe da sarki sun shuɗe, waɗanda suka daɗe ba sarki suna nan. Wannan abin a tsaya a yi tunani ne.

Ga wani labari kuma da ya fi kusa da ku, domin da 'yan makaranta ya fara. A 1818 'yan Mishan daga Landan suka sauka a tsibirin Madagaska. Sarki Radama na ɗaya ya karɓe su hannu bibbiyu, don yana son mutanensa su iya karatu da sana'a. Aka buɗe makarantu, yara suka cika su bisa umurnin sarki. Radama ya rasu a 1828, Sarauniya Ranabalona ta ɗaya ta hau. Sarki goma, zamani goma. A 1835 ta tara jama'a ta hana 'yan ƙasa bin addinin nan. A cikin shekarar 'yan Mishan suka yi ta gaggawa har suka gama buga Littafi Mai Tsarki da harshen ƙasa, a 1836 kuwa na ƙarshensu suka fita daga tsibirin. Aka bar 'yan tsirarun masu bi, yawancinsu tsofaffin 'yan makaranta, ba malami, ba majami'a, ga hukuma tana farautarsu.

Da yawa suka ja da baya, waɗanda dama don sarki suka shiga. Sauran kuwa suka binne littattafansu a ƙasa, suna tonowa da dare su karanta a cikin kogo da kan duwatsu. A 1837 aka soke wata mace mai suna Rasalama da mashi, ita ce ta fari. A 1849 aka jefo mutum goma sha huɗu daga kan wani dutse mai tsawo a babban birni, aka ƙone huɗu da wuta. Waɗansu aka ɗaure su da sarƙa, waɗansu aka sayar da su bayi. Shekara ashirin da shida ana haka. Da sarauniya ta rasu a 1861 aka buɗe ƙofa, sai aka tarar masu bi sun ninka yawansu na da sau da yawa. Ba Bature ko ɗaya da ya yi wannan aiki, su da Littafinsu ne kurum.

Ku saurari ƙarshen labarin, gama a nan darasin ya ke. A 1869 Sarauniya Ranabalona ta biyu ta karɓi baftisma tare da firayim ministanta, aka ƙone gumakan fada. Nan da nan mutane suka yi ta tururuwa zuwa majami'u dubu-dubu, har a waɗansu wurare hakimai ke kora talakawa ciki ranar Lahadi, kamar yadda a ke kora su aikin gayya. 'Yan Mishan da kansu suka yi ta kukan cewa taro ya yi yawa, sani ya yi kaɗan. Da muka karanta wannan sai muka tuna da guntun ƙarfenmu na reshen maɗaci.

Ko a nan ƙasarmu haka abin ya ke, ko da ya ke mutane da yawa ba su sani ba. Waɗansu suna zaton gwamnatin Turawa ce ta dasa Kiristanci a Arewa. Tarihi bai nuna haka ba. A 1900 Bishof Tugwel da Likita Mila da abokansu suka isa Kano, Sarki Alu ya sallame su. A 1903 Gwamna Lugga ya yi alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta sa baki cikin addinin Musulunci ba, daga nan kuwa shekaru da yawa Razdan-Razdan suna taƙaita shigar 'yan Mishan cikin ƙasashen sarakuna. Likita Mila ya sami zama cikin birnin Zariya a 1905, amma wajen 1929 aka fitar da aikin zuwa Wusasa, bayan gari. 'Yan Mishan sun yi ta gunaguni a kan wannan. Duk da haka aka gama fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, ya fito a 1932, masu bishara 'yan ƙasa suka ɗauke shi, wani da ƙafa, wani da keke, suna noma abincinsu da hannunsu, suna koya wa mutane karatu a gindin itace. Yawancin ikilisiyoyin da ku ke gani yau daga gumin waɗannan suka fito, sunayen da yawansu kuwa Allah kaɗai ya riƙe.

To, kada wani ya karanta wannan ya ce mun ce Gwamnati ba ta da amfani, ko kuwa mun ce wahala abin nema ce. Allah ya kiyaye. Mun ga majami'a tana cin wuta, mun ga masallaci yana cin wuta, mun yi jana'izar waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wanda ya ga wannan ba ya yabon tsanani. Hukuma tana da aiki babba da Allah ya ɗora mata: ta tsare rai da dukiya, ta hukunta mai laifi ko ɗan wane ne, ta bar kowa ya yi ibadarsa ba tsoro. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya faɗi wannan a fili. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, har da na sake shi, ya kuma hana a tilasta wa ɗan makaranta ibadar da ba ta addininsa ba. Sashe na 10 kuwa ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini ta mai da shi na hukuma. In an hana ku filin gina wurin sujada, ko an hana ku malamin addininku alhali an ba waɗansu, ku nema da ladabi, ku nema da naci, haƙƙinku ne. Haka kuma in maƙwabcinku Musulmi ne aka hana a inda su ne 'yan kaɗan, ku tsaya masa, gama adalcin da ba ka so wa wani ba, ba zai daɗe a gidanka ba.

Amma haƙƙi dabam, gata dabam. Neman a bar ka ka yi addu'a, wannan haƙƙi ne. Neman hukuma ta tashe ka, ta biya maka, ta kora maka mutane, ta rufe bakin wanda ya saɓa maka, wannan neman gata ne, gata kuwa yana da farashi. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Malamin da ya saba karɓar ambulan daga hannun mai mulki, ran da mai mulkin ya zalunci marayu, da wane baki zai tsawata masa? Annabi Natan ya iya shiga gaban Sarki Dawuda ya faɗa masa laifinsa ido da ido. Yohanna Mai Baftisma ya faɗa wa Hirudus nasa, ya biya da kansa. Da a akushin sarki su ke ci, da wuya harshensu ya motsa.

Akwai kuma abin da doka ba ta iyawa ko ta so. Doka tana iya rufe kasuwa ranar Lahadi, ba ta iya sa mutum ya yafe wa ɗan'uwansa. Shugaba Ciluba ya yi shelar cewa Zambiya ƙasar Kirista ce a 1991, aka kuma rubuta haka a gabatarwar tsarin mulkinsu a 1996. Mutanen Zambiya su suka san abin da ya fi musu, ba mu da ta cewa. Sai dai mun tabbata ko a can, kamar a nan, ɗan kasuwa mai algus yana buɗe shagonsa da safe, kuma rubutun da ke cikin kundin hukuma ba shi ke gyara mudunsa ba. Abin da ke gyara mudu yana cikin ƙirji, wurin da ɗan sanda ba ya shiga.

Saboda haka ga 'yar shawararmu gare ku, ta tsoho ga jikokinsa. Kowa ya gwada kansa a lokacin hutu, sa'ad da ba ƙararrawa, ba malami. Abin da ka yi a kwanakin nan, shi ne naka, sauran duk aro ne. Ka mallaki Littafinka, ka karanta shi da harshen da ka ke mafarki da shi, ko sura guda a rana, ka riƙe waɗansu ayoyi da ka, domin takarda tana ƙonewa, abin da ke zuciya kuwa sai an kashe mai ita. In ku biyu ne ko uku a ɗakin kwana masu son addu'a, ku fara, kada ku jira izini daga ofis. Ka bar halinka ya yi wa'azi a ɗakin jarrabawa, inda satar amsa ta ke da sauƙi, da wurin rabon abinci, inda babba ke danne ƙarami. Ran da kuwa Allah ya ba waninku muƙami, gama a cikinku akwai alƙalai da gwamnoni na gobe, ya tuna ba a ba shi kujera don ya yi wa addininsa yaƙi da ita ba. Ya riƙe amana, ya yi wa kowa adalci, har wanda ba addininsu ɗaya ba ya ce ya ga mai tsoron Allah. Wannan ita ce hidimar da mai mulki zai yi wa bangaskiyarsa.

Tsohon nan mai gadi ya rasu muna aji na ƙarshe. Bai bar kome ba sai bargo, da sanda, da wani tsohon Littafi na Hausa wanda gefen takardunsa ya yi baƙi, don da dungu ya ke buɗe shi. Ran jana'izarsa majami'a ta cika, ba wanda ya buga ƙarfe. Yaron nan mai buta ma ya zo, ya tsaya daga waje har aka gama, ya taya mu ɗaukar ƙasa.

Jikanmu ya koma makaranta makon jiya. Ba mu ba shi takardar kuka ba, mun dai sa masa Littafi a cikin akwati, ƙarƙashin gari da ƙuli-ƙuli. Ko zai buɗe, ko ba zai buɗe ba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba gwamna ko kaka da zai iya yi masa. Allah ya ba shugabanninmu adalci, ya ba ƙasarmu zama lafiya, mu kuma ya ba mu zuciyar da ke tashi tun ba a buga ƙararrawa ba. Amin.